Daga ina rabin yake fitowa? Fashin baƙi kan oda mai gutsure a saurin sauyin sinadarai

Idan aka cika rufaffiyar kwalba da tururin asitaldihaid, CH₃CHO, aka zafafa ta zuwa wajen digiri 500 na ma'aunin Salshiyas, tururin zai riƙa farfashewa yana komawa iska iri biyu, metan da kabon monoksaid. A kan takarda babu wani tarnaƙi: CH₃CHO → CH₄ + CO. Molekul ɗaya ya shiga, biyu sun fito. Wanda ya dubi wannan layi zai ce idan aka ninka yawan tururin sau biyu, saurin fashewar ma sau biyu zai ninku. Wani kuma ya ce a'a, ai sai molekul biyu sun gwabza karo kafin ɗaya ya fashe, don haka sau huɗu ne. Awo bai goyi bayan ko ɗayansu ba. Saurin yana ninkuwa ne kusan sau 2.8. In kuwa aka ninka tururin sau huɗu, sai saurin ya ninku sau takwas.

Wannan 2.8 ba tangarɗar na'ura ba ce. Biyu ce aka ninka da saiwar murabba'in biyu, wato 2 × 1.41. Saiwar murabba'i, mai alamar √, ita ce lambar da idan ka ninka ta da kanta za ta ba ka lambar da ka fara da ita. Masana kimiyyar sinadarai sukan ce odar wannan sauyi ɗaya da rabi ce. A nan ɗalibai da yawa kan tsaya cak, domin tambayar da ke zuwa bakin kowa ita ce: ta yaya molekul ɗaya da rabi zai yi karo?

Ba ya yi, kuma ba abin da oda take nufi ke nan ba. Ana rubuta dokar sauri kamar haka: sauri = k[A]ⁿ. Alamar [A] tana nufin kaurin sinadarin, wato mol (ma'aunin adadin ƙwayoyin sinadari) nawa ne a cikin lita guda. Ita kuwa k lamba ce da ke canjawa da zafi amma ba ruwanta da kauri. Ƙaramar n da ke kafaɗar [A] ita ce oda. Aikinta ɗaya ne tak, ta faɗa maka yadda sauri yake amsawa idan ka taɓa kauri. In ka ninka kauri sau biyu sauri bai motsa ba, oda sifili ce. In ya ninku sau biyu, ɗaya ce; sau huɗu, biyu ce; sau 1.41, rabi ce. Daga ɗakin gwaji ake samo ta, ba a karanto ta daga lambobin da aka daidaita lissafin sauyin da su.

Akwai wani abu dabam da ake yawan cakuɗa shi da oda, shi ne adadin ƙwayoyin da ke haɗuwa a mataki guda na asali. Wannan kam dole ya zama cikakkiyar lamba: ɗaya, biyu, nadiran uku. Idan sauyi gaba ɗayansa mataki guda ne, to oda da wannan adadi sukan zo daidai. Matsalar ita ce misalan farko da ake koyarwa kusan duka irin waɗanda suka zo daidai ne, sai ɗalibi ya ɗauka abu ɗaya ne mai suna biyu. A ganina wannan ne tushen ruɗanin gaba ɗaya. Da za a nuna wa ɗalibi oda mai gutsure tun a makon farko, da bai taɓa ɗaukar wannan kuskure ba. Tun 1884 van 't Hoff, masanin ƙasar Holan, ya nuna yadda ake ciro wannan lamba daga awo, kuma Wilhelm Ostwald na Jamus ne ya yaɗa kiran ta oda a 'yan shekarun da suka biyo baya. Hanyar awon ba ta taɓa sharɗanta cewa sai amsar ta fito cikakkiyar lamba ba.

Saboda haka abu na farko da gutsure yake faɗa maka tabbatacce ne: wannan sauyi ba mataki guda ba ne. Ruwa ba ya tsami banza. Akwai matakai a ɓoye, kuma gutsuren sawunsu ne.

Misalin da ya fi kowanne koyar da wannan shi ne haɗuwar haidurojin da buromin, H₂ + Br₂ → 2HBr. Max Bodenstein ya riga ya yi aiki a kan ɗan'uwansa, haidurojin da aidin, a shekarun 1890, ya sami doka mai sauƙi: sauri = k[H₂][I₂]. Ana zaton buromin ma haka zai yi, tunda gidansu ɗaya da aidin a jadawalin sinadarai. Amma da Bodenstein da Samuel Lind, wani Ba'amurke da ya je aiki wurinsa, suka auna a 1906, a zafin da ke tsakanin digiri 200 da 300, abin da ya fito shi ne:

sauri = k[H₂]√[Br₂] ÷ (1 + k′[HBr]/[Br₂])

Ga rabi a kan buromin, ga kuma HBr, abin da ake samarwa, ya koma ƙasan lissafi yana taka wa sauyin birki. Ba su da bayanin dalili. Abin da ya burge ni a nan shi ne sun rubuta abin da suka gani yadda yake, ba su daddatse shi don ya yi kama da na aidin ba. Dokar ta zauna haka shekara goma sha uku babu mai fassara ta, sai a 1919 da 1920 mutum uku, kowa da aikinsa dabam, suka kawo amsa iri ɗaya: Jens Christiansen, Karl Herzfeld da Michael Polanyi. Suka ce sauyin sarƙa ne mai mataki biyar:

Br₂ → Br + Br
Br + H₂ → HBr + H
H + Br₂ → HBr + Br
H + HBr → H₂ + Br
Br + Br → Br₂

Mu tsaya a kan wannan sosai, don duk wanda ya gane shi ya gane fiye da rabin batun. Molekul ɗin Br₂ ba shi ne ke far wa haidurojin ba. Ƙwayar zarrar buromin guda, Br, wadda ta rabu da abokiyarta, ita ce ma'aikaciyar. Duba mataki na biyu da na uku: zarrar Br ta shiga, ta samar da HBr ta saki zarrar H, zarrar H ta samar da wani HBr ta saki sabuwar zarrar Br. An kashe Br ɗaya, an mayar da ɗaya. Na huɗu ma Br yake mayarwa. Ke nan waɗannan matakai uku na tsakiya ba sa ƙara yawan ƙwayoyin da ke ɗauke da sarƙar, ba sa rage su, juya su kawai suke yi. Mataki na farko ne kaɗai ke haifar su, na ƙarshe ne kaɗai ke kashe su.

Ka ɗauki tanki da ruwa ke shiga ta sama yana fita ta wata kafa a ƙasa. Ruwan zai yi ta hawa, yana hawa fitarsa tana ƙara ƙarfi, har ya kai inda shiga da fita suka yi kunnen doki, sai ya tsaya a nan. Haka yawan zarrar Br yake yi cikin ɗan ƙanƙanin lokaci. Bodenstein ne ya shigo da wannan dabara ta tsayayyen hali cikin lissafin sauri a 1913. To shigar tana tafiya ne da [Br₂], sau ɗaya. Fitar kuwa sai zarra biyu sun gamu, don haka tana tafiya da [Br] × [Br]. Idan aka daidaita su, inda k₁ take k ɗin mataki na farko, k₅ kuma ta na biyar:

k₁[Br₂] = k₅[Br]²

wanda ke nufin [Br] = √(k₁/k₅) × √[Br₂].

Ga rabin nan ya fito. Ka ninka Br₂ sau huɗu, haihuwar zarra ta ninku sau huɗu, amma yawan zarra ba ya buƙatar ya ninku sau huɗu kafin mutuwa ta cim ma haihuwa. Da ya ninku sau biyu, gamuwarsu da juna ta riga ta ninku sau huɗu, an koma daidai. Ka ninka Br₂ sau ɗari, zarra sau goma kawai za ta ƙaru. Kuma tunda mataki na biyu, wanda ya fi nawa, yana tafiya ne da [Br][H₂], saurin sauyin dukansa ya gaji wannan saiwa. Babu rabin molekul a ko'ina. Akwai abu ɗaya da ke rabuwa biyu, da abu biyu da ke komawa ɗaya.

Dalilin nawar mataki na biyu ma a fili yake. Tsinka igiyar H–H, wato abin da ke ɗaure zarra biyun H₂, yana cin makamashi kilojul 436 a kowane mol, ƙulla H–Br kuma yana mayar da 366 ne kawai, don haka matakin hawan tudu ne na wajen kilojul 70. Sannan ƙasan lissafin, wanda ya ɗaure wa mutane kai, ya fito ne daga rige-rige tsakanin mataki na uku da na huɗu. Zarrar H tana iya cin karo da Br₂ ta ci gaba da aiki, tana kuma iya cin karo da HBr ta warware abin da aka saƙa. Wanda ya fi yawa a kwalbar shi ya fi samun ta, shi ya sa [HBr]/[Br₂] ya bayyana. Lambar k′ kuwa wajen kashi ɗaya cikin goma ce.

Lura da wani abu a nan da ba a cika faɗa ba. A farkon sauyi, kafin HBr ya taru, ƙasan lissafin ɗaya ne, odar buromin rabi ce cif. Amma idan HBr ya yi yawa ƙwarai har ya danne ɗayan nan, dokar tana komawa [H₂] × [Br₂] × √[Br₂] ÷ [HBr]. Odar buromin ta tashi daga rabi zuwa ɗaya da rabi, ta HBr ta sauka daga sifili zuwa ɗaya ƙasa da sifili. A tsakani babu wata lamba guda da za ka kira odar wannan sauyi. Idan wani ya ce maka odarsa ɗaya da rabi ce jimilla, gaskiya ya faɗa, amma gaskiyar farkon sauyi ce kawai.

Yanzu asitaldihaid ya zama mai sauƙi. A 1934 Francis Rice da Herzfeld ɗin nan dai, a Amurka, suka nuna cewa sarƙa ce ita ma. Nadiran molekul guda yakan tsinke ya ba da radikal, wato guntun molekul mai ilektiron marar abokin zama, wanda ba ya iya zama shiru. Radikal ɗin metil, CH₃, ya fizgi zarrar H daga wani asitaldihaid ya zama metan, ya bar CH₃CO. Shi kuma CH₃CO ya fashe ya ba da CO da sabon CH₃, aka sake zagayowa. Sarƙar tana mutuwa ne idan CH₃ biyu suka gamu suka manne suka zama itan, C₂H₆. Haihuwa tana tafiya da kaurin asitaldihaid, mutuwa da [CH₃]², don haka [CH₃] yana tafiya da saiwar kaurin. Matakin da ke samar da metan kuma yana buƙatar CH₃ da asitaldihaid. Saiwa sau cikakke: ɗaya da rabi. Ana kuwa samun ɗan burbushin itan a cikin abin da sauyin ya samar, abin da layin CH₃CHO → CH₄ + CO bai yi alkawarinsa ba.

Wannan bayani ya warware wata matsala ta biyu. Tsinka igiyar da ke tsakanin kabon biyu na asitaldihaid yana cin fiye da kilojul 330 a mol, amma shingen makamashin da ake aunawa ga sauyin gaba ɗaya, wato tudun da sai an haye shi kafin sauyi ya auku, kusan 200 ne. Ta yaya sauyi zai wuce ta shingen da ya gaza ƙarfin igiyar da ake tsinkawa? Amsar tana cikin saiwar nan. Tunda k₁ yana ƙarƙashin saiwa, rabin shingensa ne kawai ke shiga lissafi, a ɗora masa ɗan ƙaramin shingen matakin fizgar H. Idan rabi ya bayyana a oda, galibi za ka same shi a makamashi ma, kuma samun su biyun tare hujja ce mai ƙarfi fiye da samun ɗaya.

Akwai darasi mai nauyi a yadda sarƙar ke mutuwa. A wannan tsari na asitaldihaid, da a ce CH₃ da CH₃CO ne ke gamuwa su kashe sarƙar, da lissafin ya ba da oda ɗaya cif. Da CH₃CO biyu ne, da rabi ya ba da. Matakai iri ɗaya, ƙarshe kawai aka canja, oda ta canja. Wannan yana nufin cikakkiyar lamba ba shaidar sauƙi ba ce. Gutsure yana tabbatar da cewa akwai matakai a ɓoye, amma rashin gutsure ba ya tabbatar da cewa babu su. Haidurojin da aidin ma, wanda aka yi shekaru da dama ana kafa misali da shi a matsayin karon molekul biyu kai tsaye, John Sullivan ya nuna a 1967 cewa ta hannun zarrar aidin yake bi. Zarra biyu ne ke shiga, kowace da saiwarta, saiwa sau saiwa kuma ya koma cikakke, sai sawun ya ɓace.

Kafin mu wuce, ga abin da gutsure ke yi wa lissafin yau da kullum. Ma'aunin k yana bin oda: a oda ɗaya da rabi za ka ga saiwar lita da saiwar mol a cikinsa. Kada wannan ya tayar maka da hankali, lissafi ne kawai ke daidaita ɓangarorin biyu. Abin da ya fi muhimmanci shi ne lokacin da sinadari ke ɗauka kafin ya ragu zuwa rabi. A oda ɗaya wannan lokaci ba ya canjawa. A oda ɗaya da rabi, kowane zagaye ya fi wanda ya gabace shi tsawo sau 1.41, sauyin yana ƙara jan ƙafa. A oda rabi kuwa akasin haka ne, kowane zagaye kashi 71 cikin ɗari ne na wanda ya gabace shi, kuma idan ka tara su duka ba su wuce ninki 3.41 na zagayen farko ba. Wato lissafi yana cewa sinadarin zai ƙare ƙaf a ƙayyadadden lokaci, 2√[A]₀/k, inda [A]₀ yake kaurin da aka fara da shi. A zahiri kafin a kai can sharuɗɗan da suka haifi rabin sukan rushe, dokar ta canja.

Wannan rabi ba na littafi kaɗai ba ne. Yawancin robobin da ake yi ta hanyar radikal, irin su folistirin da PVC, ana fara sarƙarsu ne da ɗan sinadarin kunnawa da ke fashewa ya ba da radikal, kuma sarƙoƙin suna mutuwa ne idan biyu suka gamu. Sakamako: saurin haɗa robar yana tafiya da saiwar kaurin mai kunnawar. Injiniyan da ke son ya ninka sauri sau biyu sai ya zuba mai kunnawa ninki huɗu, kuma zai biya farashi, domin tsawon sarƙoƙin zai ragu zuwa rabi, robar ta fito da wani hali dabam. Haka nan idan haske ne ke fasa Br₂ maimakon zafi, saurin yana bin saiwar ƙarfin hasken da aka sha. Hatta narkewar haidurojin a cikin ƙarfe irin faladiyam tana bin saiwar matsin iskar, domin H₂ sai ya rabu biyu kafin ya shiga. Wannan ita ce dokar Sieverts. Asid mai rauni ma haka: yawan H⁺ da yake saki yana bin saiwar kaurinsa, don haka sauyin da H⁺ ke tuƙawa zai nuna oda rabi a kan asid ɗin, ba tare da wata sarƙa ba.

Kuma ba rabi kaɗai ake gani ba. Sinadarin butil-litiyam, idan aka narkar da shi a ruwan haidurokabon, yakan dunƙule shida-shida. Idan ƙwaya guda da ta ɓalle daga dunƙulen ce ke aiki, to abu ɗaya ne ke rabuwa shida, kuma odar da aka auna wajen fara haɗa folistirin a cikin benzin ta zo kusa da ɗaya bisa shida. Lambar da ke ƙasan gutsuren tana ba ka labarin girman dunƙulen da ba ka gani da ido.

Duk waɗannan iri ɗaya ne: gutsure mai tsabta, wanda ke tsayawa a wuri ɗaya ko da an canja kauri sosai. Akwai iri na biyu, kuma a nan gizo ke saƙar, don su biyun sukan yi kama a ido.

Ɗauki enzaim, sinadarin jikin masu rai da ke hanzarta sauyi. Dokar da Leonor Michaelis da Maud Menten suka fitar a 1913 tana cewa sauri = V[S] ÷ (K + [S]), inda [S] shi ne kaurin abin da enzaim ke sarrafawa, V ƙololuwar sauri, K kuma kaurin da ke ba da rabin wannan ƙololuwa. Idan [S] kaɗan ne, enzaim na zaune yana jira, oda ɗaya ce. Idan ya yi yawa, kowane enzaim hannunsa a cike yake, ƙari ba ya ƙara komai, oda sifili ce. A tsakani odar da za ka auna ita ce K ÷ (K + [S]). Idan [S] kashi ɗaya cikin tara ne na K, za ka sami 0.9. Idan ya ninka K sau tara, 0.1. Idan kuwa [S] ya yi daidai da K, za ka sami 0.5 cif-cif. Ga rabi, amma babu abin da ya rabu biyu, babu radikal, babu sarƙa. Wanda ya yi awonsa duka a kusa da K, ya ga rabi, ya ce ya gano rabuwar molekul, ya yi ɓatan kai, alhali lambarsa daidai ce.

Haka abin yake a kan fuskar katalis, wato abin da ke hanzarta sauyi ba tare da shi ya ƙare ba. Irving Langmuir ya nuna a tsakanin 1916 da 1918 cewa fuskar ƙarfe tana da ƙayyadaddun gurabe. A ƙaramin matsi gurabe a buɗe suke, oda ɗaya; a babban matsi sun cika, oda sifili, kamar yadda ake gani a fashewar amoniya a kan zazzafan tangistin. A tsakani kowace lamba tana iya fitowa. Fashewar iskar sitibin, SbH₃, a kan antimoni ta ba da oda wajen 0.6. Ga kuma sauyin da molekul guda ke yi shi kaɗai a cikin iska, wanda Frederick Lindemann ya yi wa bayani a farkon shekarun 1920: a babban matsi oda ɗaya ce, a ƙaramin matsi biyu, a tsakani kuma ka sami 1.3 ko 1.7 gwargwadon inda ka tsaya. Irin wannan gutsure ba ya cewa abu ya rabu. Cewa yake kana tsaye a kan iyaka tsakanin hali biyu.

To ta yaya za a bambance su? Da faɗin awo. A auna saurin farko a kauri daban-daban, a zana logaridim ɗin sauri a kan logaridim ɗin kauri. Karkatar layin ita ce oda. Idan layin ya miƙe sambal daga ƙaramin kauri zuwa wanda ya ninka shi sau ɗari, gutsuren na gaske ne, a nemi abin da ke rabuwa. Idan ya lanƙwasa, babu oda guda, a nemi abin da ke cika ko abin da ke rige-rige.

Faɗin nan ba ado ba ne, kuma a nan nake ganin an fi yin sakaci. A ce kuskuren awon sauri kashi goma cikin ɗari ne. Idan kauri biyu kawai ka gwada, guda ya ninka ɗayan sau biyu, wannan kuskure zai karkatar da oda da kusan 0.14. Wato oda ɗaya da rabi tana iya fito maka 1.36 ko 1.64, kuma ba ka da ikon cewa komai a kan 1.4 da ka samu. Idan tazarar kaurin ninki goma ce, kuskuren ya sauka zuwa 0.04. Haka kuma wanda ke bin sauyi guda yana kallon raguwarsa, kada ya tsaya da wuri. Ɗauki sauyi biyu da suke kai rabi a lokaci ɗaya, guda mai oda ɗaya, guda mai ɗaya da rabi. A tsakiyar wannan lokaci, na farko saura kashi 71 cikin ɗari, na biyu saura 69. Wace na'ura ce za ta raba maka su da tabbaci? Amma bayan ninki huɗu na lokacin, na farko saura kashi 6, na biyu saura 14. Bambancin yana can wajen wutsiya.

Shi ya sa ba na goyon bayan al'adar nan ta ganin 1.4 a ce ai ɗaya ce, ko a ce ai ɗaya da rabi ce, don kawai lambar ta yi kyan gani. Mai mayar da ita ɗaya ya share sawu. Mai mayar da ita ɗaya da rabi ya zana sawun da wataƙila babu shi. A rubuta 1.4 tare da girman kuskurenta da tazarar kaurin da aka auna ta, sannan a faɗaɗa awo. Ko da lambar ta tabbata, ba ta isa ta naɗa tsarin matakai guda ita kaɗai ba, domin tsari biyu mabambanta suna iya haifar da doka iri ɗaya. Abin da take iyawa da kyau shi ne kore tsarin da bai dace da ita ba. Sauran aikin na wasu hujjoji ne: a ga burbushin da sarƙa ke bari, a zuba abin da ke kama radikal a ga ko sauyin zai tsaya, a duba ko shingen makamashi ya yi daidai da lissafi.

Saura tarko guda, wanda ya fi damun masu aiki da katalis mai ƙofofi a masana'antu. A irin wannan katalis yawancin aikin a cikin ƙananan ramukan ƙwayar ake yin sa. Idan sauyin yana da sauri ƙwarai, sinadarin yakan ƙare tun a bakin ramin kafin ya kutsa ciki. Ernest Thiele ya yi lissafin wannan a 1939, kuma abin da ke fitowa shi ne odar da za ka gani a waje ba ita ce ta gaskiya ba, (n + 1) ÷ 2 ce. Sauyi mai oda biyu zai bayyana kamar ɗaya da rabi. Mai oda sifili zai bayyana kamar rabi. Shingen makamashinsa ma zai bayyana kamar rabin na gaskiya, wato hatta hujja ta biyun nan da muka yaba a baya tana iya yin shaidar zur a nan. Gutsure ne mai tsabta, yana tsayawa wuri ɗaya, ya yi kama da na sarƙa ta kowace fuska, amma ba daga sinadaran ya fito ba, daga wahalar shiga rami ya fito. Gwajinsa kuwa ba shi da wuya: a niƙa ƙwayoyin katalis ɗin su ƙara ƙanƙanta, a sake awo da nauyi iri ɗaya. Idan sauri ya ƙaru kuma oda ta motsa, ramukan ne suka haifi gutsuren. Sai a ci gaba da niƙawa har sauri ya daina canjawa, a nan ne za a karanta odar sauyin ta ainihi.